Shin tsirrai za su riƙe gida idan asibiti ya yi nisa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malama. Ni da maigidana muna da yara huɗu, ƙaraminsu watansa tara, kuma mahaifiyar maigidan tana zaune tare da mu, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Akwai tazara tsakaninmu da asibiti, idan aka yi ruwa mai ƙarfi hanya takan yanke kwana biyu ko uku, ga wutar lantarki ba tabbas. Na gaji da zama cikin fargaba. Ina so in shirya gidana yadda za mu dogara da kanmu, in tanadi magungunan ganye da saiwa da za su wadatar da mu idan lalura ta taso. Waɗanne tsirrai zan ajiye, yaya zan adana su, kuma za su iya maye mana gurbin maganin asibiti?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya yaran, ya ƙara wa Mama lafiya. Tunaninki yana kan hanya, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gidan da hanyarsa ke yankewa dole ne ya iya riƙe kansa na 'yan kwanaki. Idan na fahimce ki, abu uku kika tambaya: me za a tanada, yaya za a adana shi, sannan ko ganye da saiwa za su tsaya a madadin asibiti. Ta ƙarshen zan fara ɗauka, saboda amsarta ce za ta tsara miki sauran shirin.

Aikina haɗa magunguna ne, na daɗe a ɗakin magani na ƙananan asibitoci, kuma ba na cikin masu raina tsirrai. Kinin da aka daɗe ana yaƙar zazzaɓin cizon sauro da shi, daga ɓawon bishiyar sinkona ta Kudancin Amurka ya fito, Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka tace shi a 1820. Asfirin da kamfanin Bayer ya haɗa a 1897 ɗan'uwan wani sinadari ne da ke cikin ɓawon bishiyar wilo. Maganin zuciya digoksin daga tsiron dijitalis yake, wanda likitan Ingila William Withering ya rubuta amfaninsa da haɗarinsa a 1785. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi dogara da shi a yau kuwa, wato artemisinin, Tu Youyou da abokan aikinta ne suka ciro shi daga ganyen artemisia a China a farkon shekarun 1970, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

To me ya raba ganyen da ƙwayar da aka ciro daga jikinsa? Awo. Ƙarfin sinadarin da ke cikin ganye yana hawa yana sauka gwargwadon ƙasar da ya tsira a kai, lokacin da aka tsinke shi, yadda aka shanya shi, da daɗewarsa a ajiye. Kofin jiƙon da kika haɗa yau zai iya ninka na jiya ƙarfi, ko ya gaza rabinsa, kuma ido ba ya gani. A ciwon da zai warke da kansa wannan ba damuwa ba ce. A ciwon da zai iya kisa cikin kwana biyu, ita ce damuwar gaba ɗaya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ita ce ta fifita magungunan artemisinin, ta fito a 2019 ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen artemisia a matsayin shayi ko gari don maganin zazzaɓin. Abin da ke shiga jini ba shi da tabbacin kashe ƙwayoyin cutar duka, kuma waɗanda suka tsira su ne ke koyon jure magani.

Don haka ina so ki kasa lalurorin gida kashi uku. Akwai waɗanda jiki ke warkar da su da kansa, kamar mura, ƙaiƙayin maƙogwaro, kumburin ciki bayan cin abinci, tashin zuciya, ƙaramar ƙujewa. A nan tsirrai suna da aiki na gaske, suna sauƙaƙa wahala. Akwai waɗanda abin da aka yi a mintunan farko shi ke ceton rai, kamar zubar jini, ƙuna, gudawa mai tsanani, shaƙewa. Waɗannan a gida ake fara su, amma kayan aikinsu ruwa ne mai tsafta, gishiri, suga, sabulu, da hannun da ya san abin yi. Sai kashi na uku, waɗanda kowace awa da aka yi a gida asara ce. Dogaro da kai na gaskiya shi ne ki iya na farko, ki ƙware a na biyu, ki gane na uku tun da wuri.

A wurin aiki na ga waɗanda ganye ya yi wa guba, amma ba su ne suka fi yawa ba. Wanda na fi gani shi ne yaron da aka kwana uku ana ba shi jiƙo, zafin jiki yana sauka yana dawowa, iyaye na ɗauka alamar sauƙi ce, har sai da ya daina kama nono, tafin hannunsa ya yi fari. Ganyen bai cutar da shi ba. Kwanakin da aka ba ganyen ne suka cutar da shi, kuma iyayen masu ƙaunar ɗansu ne, sun yi iyakar abin da suka sani.

Ruwa kafin ganye

Ruwan saman da ke yanke muku hanya shi ne kuma yake kwaso ƙazanta ya zuba a rijiyoyi, shi ya sa gudawa da kwalara ke biyo bayan ambaliya. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka ta ba da shawarar a ajiye kusan lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, na aƙalla kwana uku. Ku bakwai ne, ke nan lita 84, wato jarka biyar masu lita 20. Wannan na sha ne da ɗan girki. Ƙa'idar Sphere da ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita ta sa lita 15 ga mutum a rana idan aka haɗa da wanka da wanki. Ki ajiye jarkokin a rufe, a inuwa, kuma a riƙa tsiyayowa, kada a tsoma hannu ko kofi a ciki.

Idan tanadin ya ƙare, ki tace ruwan da ƙyalle mai tsafta, ki tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In babu makamashi, bilic na wanki marar ƙamshi, wanda aka rubuta kashi 5 ko 6 cikin ɗari a jikinsa, ɗigo 2 a lita ɗaya, a jira minti 30, a ninka ɗigon idan ruwan ya gurɓace. Akwai kuma hanyar rana: a cika gorar roba mai garai-garai, a kwantar da ita cikin rana mai ƙarfi awa 6, ko kwana biyu idan akwai hadari. Dakakken ƙwayar zogale yana kwantar da laka ya sa ruwa ya washe, kuma wannan gaskiya ne, sai dai bai kashe ƙwayoyin cuta duka ba. Bayan ya washe sai an tafasa.

Abu mafi daraja a akwatinki shi ne ruwan gishiri da suga. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare wa likita Dilip Mahalanabis ana tsaka da annobar kwalara. Sai ya sa 'yan'uwan marasa lafiya suka riƙa ba su wannan haɗi ta baki, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Sirrin shi ne, hanji yana jan gishiri tare da suga ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi su, kuma wannan ƙofa tana aiki ko ana tsananin gudawa.

Ki sayi na leda da yawa, domin awonsa ya fi daidai kuma yana da sinadarin fotasiyam. Idan babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri a shafe. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, domin gishirin da ya yi yawa yana da haɗari ga jariri. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowace fita, mai shekara 2 zuwa 10 rabi zuwa cikakken kofi, babba kuwa iya shansa. Idan ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba da cokali-cokali. A ci gaba da nono da abinci. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Tare da shi ki ajiye ƙwayar zink: miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya wuce wata 6, miligiram 10 ga wanda bai kai ba. Ganyen gwaiba da makamantansa babba na iya sha don murɗar ciki, amma ba ya mayar da ruwan da jiki ya zubar, kuma ƙarewar ruwan ce ke kisa.

Tsirran da suka cancanci wuri a gidanki

Shawarata ki taƙaita. Abu biyar ko shida da kika san su sarai sun fi kwalabe talatin da kika ji labarinsu.

Zuma ce a gaba. Rabin ƙaramin cokali zuwa cikakke kafin barci yana rage tarin mura ga yara, kuma bincike ya goyi bayan haka. Amma ki riƙe wannan da kyau: ƙaraminki mai wata tara ba a ba shi zuma, ko lasa, sai ya cika shekara. Zuma kan ɗauko ƙwayar wata cuta mai suna botulizim, wadda hanjin babba ke iya kawar da ita amma a cikin jariri takan tsiro ta fitar da dafin da ke saki jijiyoyi har numfashi ya gagara. Gaskiya ma, a wannan shekarun ban yarda a ba jariri kowane jiƙo ba. Idan mura ta toshe masa hanci, ɗigon ruwan gishiri na hanci da yawan nono sun wadatar. A kan ƙuna kuma, nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2015 ya nuna zuma na saurin warkar da ƙunar da ba ta yi zurfi ba da kwana huɗu zuwa biyar fiye da wasu hanyoyin ɗauri. Wadda asibitoci ke amfani da ita an tsarkake ta, don haka ta gida a tsaya da ita a kan ƙaramar ƙuna ta saman fata, bayan an gama sanyaya wurin, a shafa a kan bandeji mai tsafta a sauya kullum.

Citta tana kwantar da tashin zuciya, har na masu sabon ciki. Kusan giram ɗaya na busasshiya a rana, wato wajen rabin ƙaramin cokali na gari, a raba shi sau biyu ko uku. Na'a-na'a na taimakon kumburin ciki da iska, amma mai ƙwannafi tana ƙara masa. Kanumfari yana kashe zafin haƙori na ɗan lokaci saboda mansa na daskarar da jijiya. A ɗora guda ɗaya a kan haƙorin, ko ɗan ɗigon mai a auduga. Man yana ƙona dasashi in ya yi yawa, kuma idan yaro ya kurɓe shi yana taɓa hanta, don haka a ɓoye shi. Haƙorin da ya kumbura fuska kuwa ya wuce kanumfari. Ciwon maƙogwaro, rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi a kurkure, sannan ruwan ɗumi da lemun tsami da zuma.

Alobera ki shuka ta a tukunya. Farin ruwanta mai yauƙi na ciki yana sanyaya ƙunar rana da ƙaiƙayi. Ruwan ɗorawar da ke fita ƙarƙashin ɓawo kuwa maganin wankin ciki ne mai ƙarfi, ba a ba mai ciki ko yaro. Filasko ma haka, yana buɗe maƙarƙashiya cikin dare ɗaya, amma na kwana biyu ko uku ne, kuma ba a taɓa shansa idan akwai ciwon ciki mai tsanani ko amai, domin idan afendis ne ko toshewar hanji zai ƙara ɓarna. Tafarnuwa a abinci tana da kyau. Ɗaura ɗanyarta a fata kuwa tana ƙona ta, na ga yaran da aka ɗaura wa ita a hannu don zazzaɓi fatar ta saɓule. Kafur da man shafawa masu mentol kada su kusanci hancin jariri, kuma sirace da tafasasshen ruwa ba na yara ba ne, ƙunar da yake jawowa ta fi murar da ake gudu.

Adanawa da abin da za a guje wa

Ki tsinki ganye bayan raɓa ta bushe, ki wanke, ki shanya a inuwa inda iska ke wucewa, a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, har sai ya riƙa karyewa ƙaras. Saiwa da sassaƙe a yanka su ƙanana kafin shanya. A zuba a kwalbar gilas mai murfi, nesa da rana da zafin murhu, a rubuta sunan abin, ranar da aka ajiye, da amfaninsa. Ganye yakan kai wajen shekara, saiwa da ɓawo wajen biyu, kuma wanda ba a daka ba ya fi gari daɗewa. Idan ƙamshi ya tafi, ƙarfi ya tafi. Idan kika ga funfuna ko kika ji warin damshi, ki zubar duka, kada ki kankare. Wasu funfunan suna fitar da dafin aflatoksin mai jawo kansar hanta, kuma tafasawa ba ta kashe shi. Jiƙon da aka haɗa a sha shi a ranar.

Abin da nake roƙonki ki ƙaurace masa shi ne haɗin da ba ki san abin da ke ciki ba, ko a kwalba yake ko a ƙulli, musamman wanda aka ce yana maganin komai. An sha kama irin waɗannan da magungunan asibiti a ɓoye, kamar deksametason da diklofenak, ko da dalma. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da ɗari da ke shan haɗin ganyen rage ƙiba suka samu lalacewar ƙoda, saboda an musanya wani tsiro da wani mai guba da ake kira aristolochia. Da yawansu sun koma wankin ƙoda ko dashe, wasu suka kamu da kansar hanyar fitsari. Kuskuren suna ɗaya ne ya jawo haka. Sannan ki zagaya gidanki da idon uwa. Zaƙami, ƙwayar zurma, ƙwayar bini-da-zugu da idon zakara duk guba ne, kuma yara na sha'awar 'ya'yansu.

Batun Mama

A nan zan yi magana kai tsaye. Babu ganyen da zai maye gurbin maganin hawan jininta ko na suga. Hawan jini ba ya yin gargaɗi, mutum na jin garau yana cinye ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babban shirin gaggawa a gare ta shi ne kada maganinta ya taɓa yankewa. Ki sa ƙa'ida: da zarar saura na sati biyu, a je a karɓo, kuma kafin lokacin ruwa a nemi likita ya rubuta na ƙari. Ki mallaki na'urar auna jini da ta auna suga, da batir ɗinsu.

Wasu tsirrai, kamar garafuni da hulba, suna iya sauke suga. Mutane na jin haka sai su ɗauka alheri ne, amma idan aka ɗora su a kan allurar insulin ko ƙwaya irin gilibenkilamaid, sugan zai iya faɗuwa ƙasa fiye da kima, kuma wannan ya fi hawansa saurin kisa. Alamominsa gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa, ruɗewa ko magana ba kan gado. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, a ba ta ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na suga a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. In ta suma, kada a ɗura mata komai, a kwantar da ita a gefe a nemi asibiti. Idan tana kan insulin, wadda aka buɗe takan yi kusan sati huɗu matuƙar zafi bai wuce digiri 30 ba. Idan wuta ta ɗauke, tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen yashi a inuwa tana sanyaya ta, kuma kada a bari ta daskare.

Ƙodar mai suga da hawan jini dama tana cikin wahala, don haka tsimin da ba a san haɗinsa ba, da ibufurofen da diklofenak, ba nata ba ne sai da izinin likita. Miki a ƙafarta, komai ƙanƙantarsa, ba a jinyarsa da ganye a gida. Ban ga katinta ba, ban san magungunan da take sha ba, saboda haka ba zan sauya mata awo daga nesa ba. Ki tafi da ita ki tambayi likitanta abu biyu: waɗanne magungunanta ake dakatarwa idan ta kamu da amai da gudawa, domin akwai irin su maganin suga metfomin da masu sa fitsari, da kuma ko akwai abin da zai ci karo da citta ko tafarnuwa, musamman in tana shan maganin tsinka jini. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko harshe ya yi nauyi, shanyewar ɓarin jiki ce. Maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi, don haka babu shafe-shafe, babu jira.

Mintunan farko

Zubar jini: ƙyalle mai tsafta, a danne da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa a leƙa ba, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Kada a zuba ƙasa, toka, gari ko taunannen ganye a rauni, ta nan cutar sarƙe-haƙora ke shiga. Ƙuna: ruwa mai sanyi yana zuba a kai minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, ban da ƙanƙara, man goge baki, ƙwai ko mai. Idan ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska, hannu, gaba ko gaɓa, ko ta yi fari ko baƙi, ta asibiti ce. Cizon kare: sabulu da ruwa minti 15, sannan a je allurar ciwon haukan kare ko raunin ya yi ƙanƙanta, domin cutar in ta bayyana kusan ba a tsira. Yaro ya sha kananzir ko bilic: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa mai, a tafi da shi tare da kwalbar. Jijjiga: a kwantar da shi a gefe, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura komai.

Saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma jinkiri na da babban hannu a ciki. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa tamau, baƙin dutse kuma ba ya zuƙe dafi. Macizai da yawa ba su da dafi, masu dafin ma wani lokaci ba sa zubawa, shi ya sa kowane magani ke samun masu shaidarsa. A kwantar da mutum, a tallafe gaɓar da sanda kamar karaya, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi inda ake da allurar kashe dafi. Ki bincika tun yanzu wane asibiti ne ke ajiye ta, domin ba kowanne ba ne.

Shaƙewa da farfaɗo da numfashi ba a koyonsu a rubuce yadda ya kamata. Ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent suna koyar da taimakon farko, ki samu ke da maigida ku halarta.

Lokacin barin gida

Ga yara, waɗannan alamomi ba sa jiran gari ya waye: ƙin kama nono ko shan ruwa, aman duk abin da ya shiga, jijjiga, yawan barci da wuyar tashi, sandarewar wuya, jini a bayan gida, faɗawar idanu da maɗiga, ko haƙarƙari na lotsawa ciki in ya ja numfashi. Ki koyi ƙirga numfashi na cikakken minti yana kwance lafiya. Ga mai wata 2 zuwa 12, 50 ko fiye ya yi sauri. Ga mai shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Wannan alamar nimoniya ce, maganinta sai an duba. Jaririn da bai kai wata 3 ba, zafin digiri 38 kaɗai ya isa dalili. Ga manya, ciwon ƙirji mai danna, ciki ya ƙage ya yi tauri, numfashi da ƙyar, ko jini ga mai ciki.

Idan yankinku na da zazzaɓin cizon sauro, duk zazzaɓi a gwada jini cikin awa 24. Ki tambayi ma'aikacin lafiya mafi kusa ko zai koya miki amfani da abin gwaji na gaggawa, ya kuma rubuta miki awon maganin kowane yaro gwargwadon nauyinsa, saboda kwanakin da hanya ke rufe. Ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa kada ki tara su.

Abin da mutane suka fi mantawa a shiri shi ne tafiyar kanta. Ki san masu abin hawa biyu da za su amsa kira da tsakar dare, ki san wata hanyar in babbar ta yanke, ki san wane ma'aikacin lafiya ne yake zaune a ɓangarenku na ruwan. Ki rubuta lambobin a takarda, ki ware kuɗin mota da ba a taɓawa. Idan hadari na haɗuwa kuma jariri na da zazzaɓi, ko sugan Mama ya ƙi daidaita, ku fita kafin ruwan ya sauko, ko da za ku kwana wurin dangi kusa da asibiti. Kuma idan wuta ta ɗauke, janareta a waje, aƙalla mita 6 daga taga, garwashin gawayi kuma ba ya kwana a rufaffen ɗaki. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari. Idan mutanen ɗaki suka tashi da ciwon kai da jiri a lokaci ɗaya, a fita da kowa waje nan take.

A akwatin, bayan abin da na ambata, ki sa bandeji, filasta, almakashi, safar hannu, sabulu, ayodin, ma'aunin zafin jiki, tocila, abin cajin waya na ajiya, da farasitamol na manya da na yara. Babba giram ɗaya a sha ɗaya, kada ya wuce giram 4 a yini. Yaro miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, bai wuce sau huɗu ba, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. Ki ɗora akwatin inda yara ba sa kaiwa, ki buɗe shi duk wata shida ki fitar da abin da wa'adinsa ya wuce, ki sake auna nauyin yaran ki gyara awonsu. A cikin murfin ki manna takarda mai ɗauke da haɗin ruwan gishiri da suga, sunayen magungunan Mama da lokutansu, da lambobin waya, sannan ki sa maigida da babban yaronki su haɗa ruwan da hannunsu a gabanki, domin wata rana ke ce za ki iya zama marar lafiyar.